Daga Tsamiya zuwa Abuja: abin da ke jinkirta bayanan kwastam a iyakar Bagudo da Benin

Direban tirelar da ya ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya ratsa Parakou da Kandi har ya iso Segbana, ya ci ɗaruruwan kilomita, amma sau da yawa tafiyar da ta fi cin ransa ita ce 'yar tazarar da ta rage tsakanin ofishin kwastam na Jamhuriyar Benin da na Najeriya a Tsamiya, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. A nan mota ke tsayawa tana jiran takarda, takarda kuma tana jiran bayani ya shiga kwamfuta, ya isa inda ake buƙatarsa, amsa ta dawo. Kowace rana da aka ƙara a wannan jira kuɗi ce ga mai kaya, domin akwai cin direba da yaron mota, akwai hayar mota, kuma idan albasa ce ko kifi akwai asarar kayan da kansu.

Ma'aikacin da ke Birnin Kebbi ko Abuja shi ma yana da nasa jiran, ko da yake ba a cika jin kukansa ba. Shi ne wanda aka ɗora wa haɗa rahoton wata: motoci nawa suka shigo, me suka ɗauko, nawa aka karɓa na kuɗin fito. Idan alƙaluman mashigar ƙauye suka makara, rahoton jiha ya makara, na shiyya ya biyo baya, daga nan kuma a yanke shawarar kasafi ko ta hana shigo da wani kaya bisa alƙaluman da suka riga suka tsufa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton cinikin waje duk wata uku, kuma bayanan Hukumar Kwastam na cikin manyan abubuwan da take dogara da su. Ke nan abin da jami'i ya buga, ko ya kasa bugawa, a Tsamiya ko Lolo yana da hannu a cikin lissafin ƙasa baki ɗaya.

Me ya sa Bagudo

Bagudo na gefen Kogin Neja, tana iyaka da yankin Alibori na arewacin Benin. Hausawa da Fulani da Dandawa da Kyangawa da Busawa sun daɗe suna kai da kawo a wannan yanki tun kafin a shata iyakar, kuma garin Illo tsohon zango ne na fatake. Sai dai abin da ya ɗaga darajar hanyar a 'yan shekarun nan siyasa ce. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Da aka fara buɗewa a Disambar 2020, mashigai huɗu aka ambata: Seme da Illela da Maigatari da Mfum. A Afrilun 2022 aka ƙara Idiroko da Jibiya da Ikom da kuma Kamba, wadda ke ƙaramar hukumar Dandi ta jihar Kebbi. Tsamiya ba ta cikin jerin farko, ba ta cikin na biyu.

Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sauya lissafi. Gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, wadda ita ce babbar ƙofar kayan Nijar daga Kwatano, ta rufe, kuma hukumomin Yamai ba su buɗe nasu ɓangaren ba ko bayan da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Wanda ya dubi taswira zai ga cewa motar da ta tashi daga Kandi za ta iya biyowa Segbana, ta shigo Najeriya ta Tsamiya, ta nufi Kamba, ta faɗa Nijar. Irin wannan kaya masu wucewa ne kawai, ba a biyan kuɗin fito a kansu a Najeriya, kuma a nan haɗarin yake: idan ba a san da sauri cewa motar da ta shigo ta Tsamiya ta fita ta Kamba ba, ana iya sauke kayan a kasuwar cikin gida, gwamnati ta yi asara, ɗan kasuwar da ya biya haraji kuma ya rasa yadda zai yi gogayya da su. Saurin bayani a wannan hanya shi ne makullin da ke riƙe da kayan.

Tsohon tsari da sabo

Aikin kwastam da kwamfuta ba sabo ba ne a Afirka ta Yamma. Manhajar ASYCUDA, wadda hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta samar a farkon shekarun 1980, asalinta ma buƙata ce ta ECOWAS, wadda ke son ƙasashenta su iya tattara alƙaluman cinikin waje. Masu magana da Faransanci suna kiranta SYDONIA. Najeriya ta yi aiki da ita shekaru, daga baya ta koma tsarin NICIS da magajinsa NICIS II, waɗanda kamfanin Webb Fontaine ya kula da su. A Disambar 2013 hukumar ta karɓi aikin tantance kayan shigowa daga hannun kamfanonin kwangila, ta fara fitar da takardar PAAR, wato rahoton kimanta kaya tun kafin su iso.

A Oktoban 2024, ƙarƙashin shugabancin Bashir Adewale Adeniyi, hukumar ta fara gwajin sabuwar manhaja mai suna B'Odogwu a tashar PTML ta Legas, kafin a riƙa faɗaɗa ta zuwa sauran ofisoshi. Manufar da aka bayyana ita ce a tattara sanarwar kaya da biyan kuɗi da tantancewa da sakin kaya a dandali guda wanda hukumar ke da iko da shi. Masu fiton kaya a Legas sun yi ƙorafi a watannin farko kan katsewar tsarin da jinkirin da ya haifar, abin da ba baƙo ba ne duk lokacin da babbar ma'aikata ta sauya manhaja tana cikin aiki. Hukumar da ta tara sama da naira tiriliyan 6 a shekarar 2024 ba ta da damar rufe shago ta gyara.

Amma duk waɗannan tsare-tsare an gina su ne da tashar jiragen ruwa a rai, inda akwai bankuna a kusa, akwai intanet mai ƙarfi, kuma mai kaya yana da wakilin da ya san aikin. Mashigar ƙauye wata duniya ce dabam.

Inda lokaci ke salwanta

Jinkiri na farko yana faruwa ne a wurin shigar da bayani. Kayan da suka taso daga Kwatano an riga an rubuta komai nasu a can: sunan mai kaya, lambar mota, lambar kwantena, nauyi, nau'in kaya da ƙimarsu. Idan tsarin Benin ba ya magana da na Najeriya, sai a sake buga duk wannan daga takarda, da hannu, daga Faransanci zuwa Ingilishi, daga sefa zuwa naira. Kowane sake bugu ƙofa ce ta kuskure. Harafi ɗaya da aka juya a lambar kwantena ya isa ya sa kwamfutar Kamba ta ce ba ta san motar da ke gabanta ba, alhali kwamfutar Tsamiya na nan tana nuna cewa motar ba ta fita ba. Gyaran irin wannan kuskure kan ci lokaci fiye da aikin asali, domin sai an nemi izinin wani babba kafin a taɓa bayanin da aka riga aka rufe.

Maganin da masana harkar suka yi ittifaƙi a kansa shi ne a shigar da bayani sau ɗaya tak, a inda ya samo asali, sannan ya riga motar isowa. Wannan ne tunanin da ke bayan tsarin SIGMAT na ECOWAS, wanda aka ƙaddamar a 2019 domin haɗa kwamfutocin hukumomin kwastam na yankin kan kayan da ke wucewa. Da zarar ofishin tashi ya saki mota, sai saƙo ya tafi zuwa ofishin kan iyaka da ofishin sauka. Idan ta iso, jami'i ya kira lambar sanarwar, ya duba ko hatimin da aka ɗaure ƙofar da shi yana nan lafiya, ya tabbatar da wucewarta, saƙon tabbaci ya koma baya. Najeriya da Benin sun ƙaddamar da wannan haɗi a mashigar Seme da Krake a 2025. Tambayar da ta shafi mutanen Kebbi ita ce yaushe abin da aka yi a kudu zai zama aikin yau da kullum a arewa, da kuma yadda za a yi da ɓangaren Nijar, wadda ficewarta daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. Haɗin kwamfuta yana buƙatar yarjejeniya tsakanin gwamnatoci kafin ya buƙaci waya.

Akwai kuma batun harshen da kwamfutocin za su yi magana da shi. A wannan fanni an yi sa'a. Hukumar Kwastam ta Duniya tana da tsarin lambobin kaya mai lamba shida da kusan duk ƙasashe ke bi, ECOWAS kuma ta tsawaita shi zuwa lamba goma a jadawalin harajinta na bai ɗaya, wanda ya fara aiki a 2015 da matakai biyar: kashi 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari. Saboda haka shinkafa tana da lamba ɗaya a Segbana da Tsamiya, ko da wani ya kira ta da Faransanci wani da Ingilishi. Manhajar da ke tilasta wa jami'i ya zaɓi lamba daga jeri, maimakon ya rubuta "kayan abinci" ko "kaya iri-iri" da hannunsa, tana rage wa mai haɗa rahoto kwanakin da zai ɓata yana tsefe bayanai. Haka nan manhajar da ke ƙin karɓar nauyin da ya fi ƙarfin motar da aka ambata, ko ranar da ba ta zo ba tukuna, tana kama kuskure tun direba yana tsaye a taga. Ko agogo ma bai raba ƙasashen uku ba, domin Najeriya da Benin da Nijar lokaci ɗaya suke bi, abin da ke sauƙaƙa daidaita sa'ar shiga da ta fita.

Jinkiri na biyu a kan hanya yake, tsakanin kwamfutar ofishin iyaka da babban rumbun bayanai. Manhajar da aka gina bisa zaton cewa intanet ba ya yankewa tana tsayawa cak da zarar sabis ya ɗauke, kuma mazauna garuruwan iyaka sun san yadda waya kan bar layin gida ta kama na maƙwabta ba tare da neman izini ba. Wutar lantarki ma haka: Kebbi na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma ƙarshen layi ba ya samun abin da tsakiyar gari ke samu. Ga matsalar tsaro, tun bayan da rundunar tsaro ta tabbatar da ɓullar 'yan Lakurawa a sassan Sakkwato da Kebbi a Nuwamban 2024, wadda ke sa gyaran turken sadarwa a daji ya zama aikin da ba kowane injiniya ke son zuwa ba.

Hanyar da masu gina manhaja ke bi a irin wannan wuri ita ce a bar na'urar ofis ta ci gaba da karɓar bayani ko babu sabis, ta ajiye shi a cikinta da lambar shaida da sa'ar da aka shigar, sannan ta tura da kanta da zarar layi ya dawo. Ana kuma raba kaya: bayanin rubutu, wanda ba shi da nauyi, ya fara tafiya, hotunan takardu da na cikin mota, waɗanda suka fi shi nauyi ninkin-ba-ninkin, su biyo baya. Sola da batir suna riƙe na'urori, intanet na tauraron ɗan'adam kuma yana zama layi na biyu. Sai dai wannan sauƙi yana da farashi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Na'urar da ke aiki ba tare da haɗi ba ba za ta iya tambayar banki ko an biya kuɗi ba, ba za ta san ko an sauya farashin canjin dala da ake lissafin haraji da shi ba, ba kuma za ta ga ko an sanya wa wani mai kaya alamar tuhuma a safiyar ranar ba. Shi ya sa tsari mai hankali ke yarda a karɓi bayani babu sabis, amma ya hana sakin kaya masu haɗari har sai cibiya ta amsa. Wanda ya bar wannan ƙofa a buɗe zai tarar cewa sabis ya riƙa "ɗaukewa" a daidai lokacin da wata mota ke son wucewa.

Ɗakin rahoto

Jinkiri na uku shi ne wanda 'yan kasuwa ba sa gani, amma yana taɓa su. Rumbun da ke karɓar sanarwar kaya dare da rana an tsara shi ne don ƙananan ayyuka masu yawa: rubuta wannan, gyara wancan. Rahoto kuwa tambaya ce mai nauyi, kamar a ce a tara duk shinkafa ko taya da suka shigo ta kowace mashiga cikin shekara uku. Idan aka jefa wa rumbun aiki irin wannan tambaya da tsakar rana, sai ya yi nauyi ga kowa, har jami'in da ke Tsamiya ya ga allonsa yana juyawa ba tare da ya san cewa wani ne a hedikwata ke haɗa jadawalin taro ba. Saboda haka manyan ma'aikatu, bankuna da kamfanonin waya da hukumomin haraji, suke ware rumbu na biyu na rahoto kaɗai, a riƙa kwafo masa bayanai daga na farko.

Yadda ake kwafowar shi ne wurin da ake samun sauri ko a rasa shi. Tsohuwar hanya ita ce a jira dare a kwashe komai daga farko, kamar mai shagon da ke sake ƙirga duk kayan rumbunsa kowane dare don ya san abin da ya sayar. Yayin da bayanai ke ƙaruwa, daren ba ya isa, aikin ya kai safiya, rahoto ya koma na shekaranjiya. Sabuwar hanya ita ce a ɗauko abin da ya sauya kawai tun kwafowar ƙarshe, ta hanyar duba sa'ar kowane rubutu ko karanta littafin sauye-sauyen da rumbun ke ajiyewa da kansa. Da haka ana iya sabunta rahoto duk bayan 'yan mintoci. Ana ƙara sauri ta hanyar raba bayanai bisa wata da ofishi, yadda tambaya kan Kebbi a watan Maris ba za ta bi ta kan bayanan Apapa na shekara goma ba, da kuma lissafa jimillar da aka saba nema tun da wuri a ajiye.

A nan ma mashigar ƙauye tana da nata tarko. Bayanin da aka shigar ranar Litinin babu sabis, ya iso cibiya ranar Laraba, tsarin da ke duba ranar shigarwa kawai zai tsallake shi, domin ya riga ya rufe lissafin Litinin. Sai alƙaluman ofishin su nuna ƙasa da gaskiya, ba don wani ya ci kuɗi ba. Dole manhaja ta riƙe sa'o'i biyu, ta faruwar abu da ta isowarsa, kuma rahoto ya nuna a fili waɗanne ofisoshi ne ba su gama turo nasu ba. Shugaban da ke kallon allo mai launuka yana ganin lamba tana motsi yakan ɗauka ya ga komai, alhali wataƙila mashigai biyu sun yi shiru tun jiya.

Abin da ba ya shiga kwamfuta

Ko an gyara duk waɗannan, akwai babban ɓangare na cinikin Bagudo da ba ya bi ta taga. Shanu da hatsi da kifi da man fetur suna ƙetarawa ta kwalekwale da babur da hanyoyin gona, wani don gudun haraji, wani kuwa don kawai kasuwar da ta fi kusa da shi tana ɗaya gefen. Matakan da aka ɗauka a baya, kamar hana shigo da shinkafa ta iyakokin tudu a 2016, da motoci daga Janairun 2017, da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, sun rage abin da ake rubutawa, ba lalle su rage abin da ke wucewa daidai da haka ba. Benin ta ɗauki wannan giɓi da muhimmanci har hukumar ƙididdigarta ta gudanar da bincike na musamman a 2011 kan cinikin da ba a yi wa rajista ba, inda ta girke masu ƙirga a mashigan da ba na hukuma ba. Ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel ita ma ta daɗe tana tattara alƙaluman dabbobi da hatsin da ke ƙetare iyakoki ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwar da kansu, waɗanda suka fi kowa sanin tirela nawa ta tashi daga kara ranar kasuwa.

Darasin wannan hanya ga masu tsara manhaja a bayyane yake. Mai buhu ashirin na gero ba zai buɗe takardar banki ya ɗauki wakilin fito ba. Idan ana son bayaninsa, sai an ba shi gajeriyar sanarwa da za a cike a waya cikin mintoci, da Hausa ko harshen da yake ji, kuma ya tabbata cewa faɗin gaskiya ba zai ja masa sabon caji ba. Dokokin ECOWAS sun riga sun yafe haraji kan amfanin gona da dabbobin da aka samar a cikin yankin, amma da yawa daga masu wannan ciniki ba su taɓa jin hakan daga bakin jami'i ba.

Hukumar Kwastam ta ƙaddamar da nazarin auna lokacin sakin kaya a tashar Tin Can ta Legas a Fabrairun 2024, bisa tsarin Hukumar Kwastam ta Duniya, inda ake rubuta sa'ar kowane mataki daga isowar kaya zuwa fitarsu don a ga ainihin inda suke kwana. A Afrilun shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shirin taga ɗaya ta ƙasa, wadda ake son ta haɗa kwastam da sauran hukumomin da ke duba kaya, irin su NAFDAC da SON da hukumar killace tsirrai da dabbobi, yadda mai kaya zai miƙa bayani sau ɗaya. Irin wancan awo na Tin Can ne ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kebbi ke da hujjar nema a yi a hanyar Tsamiya zuwa Kamba: sa'ar da mota ta iso, sa'ar da bayaninta ya shiga, sa'ar da ya isa cibiya, da sa'ar da aka ɗaga mata shinge. Manhajar tana riƙe da yawancin waɗannan sa'o'i da kanta, abin da ya rage shi ne a fitar da su wata-wata inda masu kaya za su gani.